Habaicin faccalata ya hana ni barci, na rama, yanzu ko gaisawa ba mu yi

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki ɓoye sunana. Ni ɗiyar Ƙauran Namoda ce anka kawo ni aure Gusau, shekara 4 kenan Allah bai ba mu haihuwa ba. Babban gida muke zaune, sashenmu daban, na yayan maigidana da matarshi daban, sai na Hajiya da ƙanwarsu da ba ta yi aure ba. Ina koyarwa a wata firamare. Matsalata matar yayan nan ce, ba ta taɓa zagina ba ko sau ɗaya amma wallahi gara ta zage ni in san zagina anka yi. Ranar sunan ɗanta na biyar ni na tsaya kan rabon abinci tun safe, sai tac ce gaban mata "a ƙara ma amarya shinkafa, ai ita har yanzu amarya ce ba mai ɓata mata zane", anka yi dariya, ni ma na yi, na shiga ɗaki na yi kuka. Ita kuma ƙanwar maigidan in na dawo makaranta sai ta ce "sannu da aiki ma'aikaciya, mun gama komai sai ki zo ki ci". Kwana uku bayan suna na ga faccalar tawa ta sa a status ɗinta na WhatsApp wai "wani hanin ga Allah baiwa ne", na san da ni take. Raina ya ɓaci ni ma na sa "da haihuwar yuyuyu gara ɗaya ƙwaƙƙwara". Da munka haɗu tsakar gida na tambaye ta mi na yi mata, tac ce "na kama sunanki? mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as". Yau sati biyu ba mu gaisawa. Maigidana cewa yake ni na cika fassara. Ni dai na gaji, ko in tafi gidanmu in huta ko ya nema muna wani gida. Mi za ni yi?

Wa alaikis salam ƙanwata. Na karanta saƙonki na sake karantawa, inda ya fi tsaya min a rai shi ne wurin da kika ce kin yi dariya tare da su sannan kika shiga ɗaki kika yi kuka. Na yarda da ke. Maganar ranar suna ba fassara ba ce, ba kuma ƙaramar magana ba ce, duk macen da ta shekara huɗu tana jiran wata ya wuce ba ta ga al'ada ba, ta san abin da kalmar "amarya" ke nufi a bakin mai goyo ranar sunan ɗanta. Amma zan gaya miki gaskiya yadda zan gaya ma ƙanwata ta ciki ɗaya, maganganun nan da kika haɗa su wuri ɗaya kina ɗauke da su ba nauyinsu ɗaya ba, kuma a cikinsu akwai taki.

Bari mu fara da shi habaicin kansa, don in kin gane yadda aka gina shi za ki daina jin kamar ke ce kika haukace. Habaici magana ce da ake yi mata ƙofar gudu tun kafin a faɗe ta. Ba yau muka fara ba, kakanninmu a bakin turmi da dutsen niƙa suke yin nasu cikin waƙa, kishiya na jin ta tana tsakar gida amma ba halin ta ce uffan saboda ba a kama suna ba, makaɗan fada ma haka suke yi ma ɗan sarkin da ke hamayya da ubangidansu, kowa a wurin ya san da wa ake amma ba wanda zai iya rantsuwa. To amfanin abin ga mai yinsa kenan, in kin yi shiru kin haɗiye, in kin tanka a ce ke kika tsargu. Shi ya sa ta jefo miki karin maganar mai kaza a aljihu, ba don ta ba ki amsa ba, don ta rufe miki baki ne. Saboda haka in maigidanki ya ce kin cika fassara, bai yi miki adalci a kan ta ranar suna ba. Sai dai kuma akwai inda maganarsa ta taɓa gaskiya, za mu zo wurin.

Za ta iya cewa wasa take. Wasa muna da shi kuma yana da ƙa'ida, taubasai na yi, kaka da jika na yi, Bafillace da Babarbare sai su yi ta yi ma juna tsiya a kasuwa kowa na dariya a rabu ba wanda ya ƙullaci wani. Abin da ya sa wancan yake wasa shi ne dukkansu biyun suna da bakin ramawa, kuma ba a taɓa inda mutum yake kwana yana kuka a kansa. Ke ranar nan ba ki da bakin ramawa, gaban surukai da baƙi, kuma abin da aka taɓa ba ke kika ɗora ma kanki ba. Ko da zuciyarta ɗaya ta faɗa, ta yi kuskure, kuma kina da haƙƙin ki gaya mata.

Ta ƙanwar mijinki daban ce. Wannan gatse ne, a faɗi abu ana nufin kishiyarsa, a yi ma wanda bai yi aikin ba sannu da aiki. Kuma kin san a al'adarmu ƙanwar miji abokiyar wasan matar yaya ce, tana da wannan damar. Amma ni abin da na jiyo a ƙarƙashin gatsen ba ƙiyayya ba ce, ƙorafi ne na yarinyar da take wuni bakin murhu tana ganin wata ta yi wanka ta fita ta dawo ta tarar an gama. Ba ta iya fitowa ta ce "Anti aikin ya yi min yawa" saboda kina matar yayanta, sai ta lanƙwasa ta. Wannan kam maganinta a hannunki yake kuma ba tsada, ki ɗauki girkin sashen Hajiya ranar Asabar ko Lahadi tunda ba makaranta, ko in albashi ya shigo ki ɗauke musu kuɗin niƙa ko na gawayi na wata, ki ɗan riƙo mata wani abu in kin dawo ko da awara ce. In ta sake cewa sannu da aiki ki amsa mata a kan fuskar maganar, "yauwa sannunmu, me ya rage in kama?" Gatse in an amsa shi kamar ba a gane ba kuma aka miƙa hannu ga aiki, ba ya samun wurin zama.

Yanzu status ɗin. Nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani sosai ƙanwata. Kin ce "na san da ni take". Ta yaya kika sani? In mutum na gabanki yana magana kina da muryarsa, kina da idonsa, kin ga ko ya taɓe baki ko ya yi harara ko ya ja tsaki, da waɗannan muke gane gatse daga gaskiya. Rubutu a waya ba shi da ko ɗaya daga ciki, mai karantawa shi ke ara masa murya, kuma muryar da ke cikin ransa a lokacin ita yake ara masa. Ke kwana uku kenan da aka yi miki ciwo, duk abin da ya fito daga wayarta da muryar ranar suna za ki karanta shi. Karin maganar nan kuwa ta lallashi ce, ita ake gaya ma wanda ya nemi abu bai samu ba, mai yiwuwa wani nata ne ya rasa aiki, ko aure ya fasa a danginsu, ko ita kanta wani abu ta sa rai bai zo ba, ko kawai ta gani wurin wata ta ɗauka ta sa. Lambobi nawa ne a wayarta? Ba na ce ba da ke take ba, ruwa ba ya tsami banza, yana yiwuwa da ke ɗin take. Abin da nake cewa ba ki da tabbas, kuma a kan abin da ba ki da tabbas kika gina abin da ya biyo baya. Allah ya ce mana a Suratul Hujurat aya ta 12 mu nisanci da yawa daga zato domin sashen zato zunubi ne, Manzon Allah (SAW) kuma ya ce zato shi ne mafi ƙaryar zance, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. To a nan kam maigidanki yana da 'yar gaskiya.

Sai naki. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, a duk maganganun nan ba wadda ta fito fili kamar taki. Nata ana iya cewa da wani take, naki fa? Mace mai 'ya'ya biyar, sati bai cika da suna ba, ki sa haihuwar yuyuyu, ko yaro ya san inda kika dosa. Kuma ba ita kaɗai kika taɓa ba, yaran nan kika kira yuyuyu, 'ya'yan yayan mijinki, jikokin Hajiya, waɗanda ke shigowa sashenki suna gaishe ki. In maganar ta kai kunnen Hajiya, ba wanda zai ƙara tuna abin da aka yi miki ranar suna, abin da za a riƙe shi ne kin zagi jikokinta, kuma za a ce baƙin ciki ne, kalmar da na san za ta fi komai ƙona miki rai. Na san zafi ne ya sa ki, ba halinki ba ne, macen da ta tsaya tun safe kan rabon abincin sunan ɗan wata ba mai baƙin ciki ba ce. Amma aya ta 11 a surar nan da ta hana izgili da aibanta juna ta hau kanta ta hau kanki. Kuma sati biyu ba gaisuwa ya wuce kwana ukun da addini ya yarda Musulmi ya ƙaurace ma ɗan'uwansa, hadisin ya ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama.

Ita ma faccalar taki ki ɗan leƙa ta nata ɓangaren, ba don in wanke ta ba. Tana gida wuni guda da yara biyar, jego bai sake ta ba, tana ganinki kina fita tsaf kina dawowa, ƙarshen wata kina da naki. Kina ganin ita ba ta jin nata habaicin a gidajen biki, na waɗanda ba su iya komai ba sai haihuwa? Sau da yawa mace kan ɗaga abin da take da shi ne a gaban wadda take ganin ta fi ta da wani abu. Ke kina kallon goyonta ita tana kallon jakarki.

Ga abin da nake so ki yi. Gobe da safe ki gaishe ta, gaisuwa cikakkiya, ina kwana Yaya, ya mai jiki, ya jariri. Kar ki haɗa da wata magana. Bayan kwana biyu ko uku ki nemi lokacin da yara suka tafi Islamiyya kuma ƙanwar mijinki ba ta kusa, ki riƙi sabulu ko 'yar rigar jariri ki shiga ɗakinta, ku biyu kawai, don habaici da 'yan kallo yake rayuwa, in ba su sai ya koma magana ta mutum biyu. Ki fara da naki, ki ce mata "Yaya abin da na sa a status da ke nake, na yi kuskure, yaran nan nawa ne, ki yafe min." Ki kama suna da kanki. Na san da ciwo, amma da zarar kin yi haka kin rufe ƙofar nan ta "na kama sunanki", tunda ke kin buɗe naki ita ma kunya za ta hana ta ɓuya a bayan nata.

Sannan ki kawo ta ranar suna, kuma ki kula da yadda za ki ɗora ta. Kar ki ce "me kike nufi", kar ki ce "na san da gayya kika yi", don nufi a zuciyarta yake kuma za ta musa, ku koma gardamar da ba mai cin ta. Ki faɗi abin da ba za ta iya musawa ba, wato abin da ya same ki. "Ranar suna da kika ce ni har yanzu amarya ce na shiga ɗaki na yi kuka, maganar haihuwa tana min ciwo, don Allah ko da wasa a daina min ita." In ta ce ai wasa take, ki karɓa, ki ce na yarda Yaya, shi ya sa na zo da kaina ban kai ƙara ba. Ba sai ta durƙusa ta ba ki haƙuri ba, wataƙila girman kai ba zai bar ta ba, ke abin da kike nema shi ne a daina. Maganar status ɗinta kuwa kar ma ki tayar, ki bar ta ta mutu.

In kuma bayan haka ta sake yi a gaban mutane, to kin san da niyya ne, kuma a nan ma ba ramuwa za ki yi ba. Kar ki yi dariyar yaƙen nan da kika yi rannan, dariyarki ce ta ba sauran matan izinin yin tasu. Ki kalle ta da fuska a sake ki ce "Yaya ki sa ni a addu'a, Allah ne mai bayarwa." Ki gwada ki gani, wurin shiru zai yi, kuma a cikin matan nan sai an samu dattijuwar da za ta ce mata ba kyau. A wannan gaɓar ce za ki kai ma Hajiya, cikin ladabi, ke kaɗai, ba a matsayin ƙara ba, a matsayin ɗiya da ta zo neman a tsawata. Tsofaffi sun fi mu sanin habaici, ba sai kin fassara mata ba.

Maigidanki kuma ina ganin yadda kike kai masa maganar ne ya sa yake ture ta. In kin haɗa masa ta suna da ta ƙanwarsa da ta status a dare ɗaya, shi abin da yake ji rigimar mata ce da za ta haɗa shi da yayansa, sai ya nemi hanyar da ta fi sauƙi ya ce ke ce. Ki ba shi guda ɗaya tak, kalma da kalma yadda aka faɗe ta ranar suna, ki tambaye shi da a gabansa abokai suka ce masa har yanzu ango ne ba mai kiransa Baba, ya zai ji? Ki gaya masa naki laifin ma kafin ya ji a waje. Kuma ki faɗa masa abin da kike so, ba ya je ya tari matar yayansa ba, wannan ba hurumin ƙane ba ne kuma ɓata zumunci zai yi, so kike ya yarda an yi miki ciwo, in ta kai ga Hajiya ya tsaya a bayanki.

Zuwa Ƙaura da sunan yaji ban goyi baya ba. In kin isa Baba ya tambaye ki me aka yi miki, ki ce an ce miki amarya? Kin ga a baki ba ta da nauyi, haka habaici yake, za a ba ki haƙuri a maido ki, ki dawo ki tarar an ƙara samun abin faɗa. In hutu kike so ki bari a yi hutun makaranta ki je ganin gida da izininsa da tsarabarki bayan kun shirya da faccalarki. Neman gidanku na kanku kuwa ba laifi ba ne, buri ne mai kyau, amma ku yi shi a matsayin shiri na ku biyu, ana tara kuɗi ana sanar da Hajiya da wuri, kar ya zama kun fita ne saboda an kore ki da baki, in kin fita a haka duk Sallah da duk suna da ciwon za ki riƙa dawowa gidan.

Akwai abin da ba ki tambaye ni ba amma shi ne ƙasan duk wannan, ba zan wuce shi ba. Kun je asibiti ku biyu? Likitoci na cewa in ma'aurata sun shekara ɗaya suna tare ba tsarin iyali kuma ciki bai samu ba, lokacin bincike ya yi, kuma dalilin kan iya zama daga mace, ko daga namiji, ko daga su biyun, gwajin namiji ma ya fi sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya kan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsu, kin ga ba ke kaɗai ba ce, kuma da yawa ana dacewa da magani. A nan Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ku nemi ganin likitan mata, ku je tare, kar ki yarda a bar ki ke kaɗai kina ta shan jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba. Ki riƙe addu'ar Annabi Zakariyya da ke Suratul Anbiya aya ta 89, ki kuma karanta aya ta 49 da 50 a Suratush Shura ki ga yadda Allah ya raba abin da kansa, wani mata, wani maza, wani duka biyu, wani ya bar shi haka. Nana Aisha ba ta haihu ba, kuma Uwar Muminai muke kiranta har yau.

Wayar kuma, ki shiga status ɗin faccalarki ki sa shi a shiru yadda zai daina fito miki a sama, WhatsApp ba ya gaya mata kin yi, kuma bayan awa 24 abin da ta sa ya ɓace ko kin gani ko ba ki gani ba. Ke ma ki yi wata guda ba ki sa karin magana ko wa'azin da ke da baki biyu ba, ko da zuciya ɗaya ne, don yanzu duk abin da kika sa da ido biyu za a karanta shi a gidan nan.

In kin gaishe ta gobe ta ɗauke kai kar ki karaya, jibi ki sake. Ki rubuto min bayan kun zauna in ji me ta ce, da kuma yadda kuka yi da maigidan kan maganar asibiti. Allah ya sanyaya miki ƙanwata, ya ba ki masu albarka.